Cikin da Aka Yi Wa Tafi

Na daɗe ina tsintar gyaɗa a wani kamfani da ke unguwar Kwadaso. Aikin ba shi da wuyar faɗa. A zube gyaɗa a kan dogon tebur, mu jeru a benci, mu fitar da ruɓaɓɓiya da tsakuwa da wadda ƙwaro ya huda, mai kyan ta wuce wurin suya, daga can a markaɗa a ɗura a kwalabe. Ido ake saya a wannan aiki, ba ƙarfi ba, ni kuwa Allah ya ba ni ido. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana da ke jikin katin da nake ratayawa a wuya ba na iya karantawa, amma abin da ke gabana ina ganinsa. Matan wurin suna ce mini Mma. Ba dukansu ke ƙaunata ba. Wasu tsorona suke ji, na sani, ban kuma taɓa neman su daina ba.

Cikin waɗanda muke zama tebur ɗaya akwai 'yar aminiyata. Ni da uwarta gida ɗaya muka tashi a tsohon Zango, bango ɗaya ya raba ɗakunan iyayenmu, kuma da za ta rasu hannuna ta riƙe ta ce ga yarinyar nan. Ni na tsaya a kan aurenta, ni na nemo mata aikin. An kai ta unguwar Buokrom, gidan wasu mutane da kakanninsu suka zo daga Nijar. Mijinta direban babbar mota ne, kullum yana hanyar arewa, ita tana zaune da uwarsa.

Yarinyar nan ta yi ɓari ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kowane ciki, tun bai zauna ba dangin miji sun baza shi, an yi murna, wata gwaggo har zanen goyo ta aiko, sai a wayi gari ya zube. Na ƙarshen ni na wanke ta. Bayan shi uwar mijin ta kai ta wurin malaminsu, ya ce musu idan Allah ya sake kawowa, kada kunnen kowa ya ji daga bakin kowa, sai cikin ya fito ya nuna kansa. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. A Zangon da na tashi, mace ba ta cewa tana da ciki, ba a kuma tambayar ta. Za ki gani, ki san kin gani, ki rage mata gugar ruwa ba tare da kin ce komai ba. Muna tsoron baki, muna tsoron ido, kuma akwai kunya. Ita kuwa nata ya wuce al'ada, ya zama alkawari da ta ɗauka a gaban malam da uwar miji, tana kuka.

Ana cikin haka, wata safiya manaja ya tara mu a filin da ake shanya buhuna. Ya zo da mutum biyu. Ɗaya nas ce, yarinya 'yar Accra mai fara'a. Ɗayan saurayi ne da wando iya gwiwa da usur a wuya, wai koci, mai koyar da motsa jiki. Manaja ya ce kamfani ya ga muna yawan ciwon baya da ciwon kai, muna yawan fashin aiki, don haka daga yanzu za a riƙa kula da lafiyarmu. Za a riƙa motsa jiki da safe kafin a zauna, nas za ta auna jini da sukari, za a rage mai da gishiri a abincin rana.

Wata mai tsaurin baki da ke teburinmu, 'yar unguwar Asawase, ta ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, “Man da dama sai an haska fitila ake ganinsa a miyar, shi za a rage?”

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, ina kallon wandon kocin.

Ba zan ce abin bai yi amfani ba, don ba na ƙarya. Ranar farko da nas ta ɗaura mini abin nan a dantse, ta duba, ta sake dubawa, ta ce in zauna. Ashe ciwon kan da nake ɗaure wa ɗankwali tamau shekara da shekaru hawan jini ne. Ta tura ni asibiti, aka ba ni ƙwayoyi, har yau ina sha, kaina kuma ya sake ni. Mata da yawa bayansu ya yi sauƙi da miƙar da ake sa mu. Mu matan Zango mun ce ba za mu sa wando ba, ba kuma za mu yi a gaban maza masu suya ba, aka ba mu bayan sito, muna yi da zani da hijabi. Koci ya tsaya da lasifikarsa yana kiɗa, yana cewa, “Mma, ɗaga hannu, sama, sama.” In ɗaga iya inda na ga dama. Ya ce, “Mma, murmushi fa?” In ce masa ba ya cikin aikin da aka ɗauke ni.

Matsalar ta zo ne da gasa. Aka ce kowane tebur ƙungiya ce, kuma ƙungiyar da ta fi rage nauyi kafin ƙarshen shekara, kowace mace a cikinta za a ba ta murhun gas. Duk macen da ta taɓa hura gawayi da damina a tsakar gidan haya ta san abin da wannan yake nufi. Nas, da kyakkyawar zuciyarta, ta ce ba ta so a kunyata kowa, don haka ba za a auna mace ita kaɗai ba. Duk ranar Juma'a da safe ƙungiya za ta hau babban sikelin da ake auna buhunan gyaɗa, duka tare, a auna su a dunƙule. Haka muke hawa, mu matsu, mu riƙe kafaɗun juna kamar kayan da za a loda, koci ya leƙa ya faɗi ko mun sauka ko mun hau.

Nas ta yi haka ne don ta rufa wa masu jiki asiri. Amma da yake ba a san nauyin kowa ba, sai kowa ta zama mai gadin bakin kowa. Ki buɗe ganyen wakye, shinkafa da wake, da rana, idanu su yo kanki. Ki sayi ƙosai a tasha, kafin ki iso labari ya riga ki.

A cikin kwanakin nan ne na gane. Muna yin azahar tare a wata rumfa da ke gefen famfo, kuma na san matan teburina, na san kowane wata akwai kwanakin da kowacce daga cikin yaran take zama a benci tana latsa waya har mu idar. 'Yar aminiyata wata ya wuce ba ta zauna ba. Wani watan ya zo ya wuce, tana sahu. Sai na ga in ƙamshin suyar gyaɗa ya taso daga baya tana ɗauke numfashi. Sai na ga gwangwanin madara da yashi a ciki a ƙarƙashin bencinta, tana sunkuyawa ta tofa yawu kamar ta yar da gyaɗa. Na koma zama kusa da ita, in an kawo tire mai nauyi in riga ta miƙa hannu.

Amma da safe ga ta nan a bayan sito, koci yana hura usur, ana gudu a tsaye, ana durƙusawa ana miƙewa, ita ma tana yi. Kowace dirar ƙafarta a ƙirjina take sauka.

Na same ta a famfo tana alwala, babu kowa kusa. Na ce, “Ke 'yar nan, gobe ki ce gwiwarki na ciwo.”

“Gwiwata ƙalau take, Mma.”

“Ban tambaye ki yadda take ba. Na ce ki ce tana ciwo.”

Ta ci gaba da wanke ƙafa. Can ta ce, “Duk wadda ta ce wani wuri na mata ciwo, nas ɗakinta take kai ta. Ta miƙo kwalba ta ce a yi fitsari.”

“To ki ajiye aikin.”

“In ajiye in ce me? Inna ta ce in yi komai yadda na saba, kada in canza ko tafiyata.” Inna take ce wa uwar mijin. Ta ɗago ta dube ni. “Mma, ni fa ban ce miki komai ba.”

Na ce, “Ni ma ban ji komai ba.”

Ranar Lahadi na shiga trotro, motar haya, zuwa Buokrom. Uwar mijin tsohuwa ce mai mutunci, ba mu taɓa samun saɓani ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa da goro, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na ce mata a wurin aikinmu yanzu ana sa yara tsalle-tsalle da safe, ban ga ya dace da kowace yarinya ba.

Ta ɓantari goro. “Yarinyarmu lafiyarta ƙalau, Hajiya.”

“Na sani. Shi ya sa nake so ta ci gaba da zama ƙalau.”

“Mu nan da muna yara daka muke yi, da surfe, da ɗiban ruwa daga nesa. Ba abin da ya same mu. Abin da Allah ya tsare ya tsaru.” Ta matso, ta rage murya. “Baki muke tsoro a gidan nan, ba tsalle ba. Kin san abin da baki ya yi mana.”

Ban iya ƙarawa ba, don ƙarin sai na ambaci abin da aka ce kada a ambata. Na sha ruwana na tashi.

Sikeli kuwa ya ƙi mu. Sauran teburori suna sauka, mu muna nan, wata Juma'ar ma aka ce mun ɗan hau. Mai tsaurin bakin nan ta sauko tana huci. Ta daina cin dare, ta daina shan koko da sukari, fuskarta har ta zurma, ga shi babu sakamako. Ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya ta tsaya a kan yarinyar.

“Amaryar Buokrom, wai me ake dafa miki a gidan nan? Mu muna bushewa ke kina sheƙi. Dubi ƙugu.”

“Haka jikina yake, Anti.”

“Haka yake tun yaushe? Direba ya dawo da man shanu daga arewa ko? Ki faɗa mana gaskiya, mu ma a sammana.”

Aka yi dariya, yarinyar ma ta yi. Na ce, “Ke, gyaɗar gabanki ta ƙare ne?” Ta koma kan gyaɗarta, amma haƙurin na rana ɗaya ne.

Washegari mai tsaurin bakin ta zo da fulas. Wani ganye ne da ake tallarsa a cikin mota, wai yana wanke ciki yana narkar da kitse. Na san irinsa. Wata maƙwabciyata ta sha ta wuni tana zarya a bayan gida har ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Ta zuzzuba wa kowa a kofi, ta cika na yarinyar har baki.

“Ke naki biyu ne, ke ce kika danne mana sikeli.”

Na ga yarinyar ta karɓa. Na ga tana duban kofin, na kuma san lissafin da take yi: in ta ƙi, za a tambayi dalili, kuma mace mai aure da ta ƙi maganin wankin ciki ta gama faɗin komai. Ta ɗaga shi zuwa baki. Na miƙa hannu kamar zan ɗauki tire, na bangaje gwiwar hannunta, kofin ya kife a kan gyaɗa.

Aka yi ca. Na ce tsufa ne, hannuna rawa yake. Sai na juya kan mai fulas ɗin na ce duk wadda ta sake kawo abin sha kusa da tebur zan kai ta gaban manaja, don doka ta hana. Dokar gaskiya ce, ba a dai taɓa bin ta ba sai ranar. Ta ce, “Mma, ke ba kya son gas ɗin ne?” Na ce na dafa wa mutum goma sha wani abu da gawayi kafin a haife ta.

Na ɗauka na tare. Sai Litinin koci ya zo da igiyoyi a jaka. Ya ce tunda teburinmu yana baya, zai taimake mu, tsallen igiya ya fi komai saurin ƙona kitse. Mu tsofaffi aka ce mu yi ta tafiya muna zagaya sito. Yara aka ba su igiya.

Na zagayo na farko tana tsalle. Na zagayo na biyu tana tsalle, mai tsaurin bakin tana mata kirari, tana cewa saura kaɗan gas ya shigo Buokrom. Da na sake zagayowa ta tsaya, ta dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan yana ƙasan bayanta, leɓɓanta sun yi fari. Irin tsayuwar nan na taɓa gani a tsakar gidansu, ranar da na ce ni na wanke ta. Koci ya hura usur, ta saki bangon ta ɗauki igiya.

Ban zauna a tebur ba. Na wuce ɗakin nas na rufe ƙofa. Da Tuwi, yaren garin, muka yi magana, nata na makaranta, nawa na kasuwa. Bakina ya yi nauyi, don tunda nake ban taɓa faɗin cikin wata mace ba. Na ce mata yarinyar da ke zama kusa da ni ba ita kaɗai ba ce. Ba ta gane ba, sai da na dafa marata. Ta buɗe ido, ta dafe ƙirji, ta ce kuma take tsallen igiya? Na ba ta labarin ɓarin da aka yi, na ba ta labarin alkawarin. Na ce ki cire ta daga tsallen nan ta hanyar da kika ga dama, ki ce jininta ne, ki ce ƙafarta ce, amma maganar nan kada ta fita ɗakin nan. Ta riƙe hannuna biyu ta ce in kwantar da hankalina, aikinta ne riƙe sirri.

Kuma na yarda ta yi nufin riƙewa. Ta kira yarinyar ta ce jininta ya yi ƙasa, ta huta da motsa jiki. Kwana biyu tana zaune a inuwa muna yi, ni kuwa na samu barci. Abin da ban sani ba shi ne nas ta ga dole ta gaya wa koci gaskiya, shi kaɗai, don kada ya matsa mata, kuma don a cire ta daga awo, tunda nauyinta hawa zai yi ta yi.

Juma'a ta zo. Duka teburori suna fili, har maza masu suya sun fito kallo, don ranar awo ta zama ranar nishaɗi. Muka hau sikeli. Koci ya ce wa yarinyar ta sauko, ita ba za a auna da ita ba. Wani tebur na matan Tonawa, 'yan asalin garin, da ke gaba da kowa suka ce ba su yarda ba, wannan maguɗi ne, an ga ana shan kaye an cire mai nauyi. Hayaniya ta tashi. Yaron nan ba mugu ba ne. Ya ga ana zargin sa da son kai, kuma a ganinsa labari ne mai daɗi. Ya ɗaga lasifika yana dariya, ya ce a yi haƙuri, 'yar'uwarmu ba maguɗi take ba, mutum biyu ne a jiki ɗaya, kamfani zai samu jariri, kowa ya tafa mata.

Aka tafa. Maza suka yi fito. Yara 'yan mata suka ruga za su rungume ta. Na lura tsofaffin matan Tonawa ba su tafa ba, ɗaya ma ta kama baki, don su ma a gidajensu ba a yin haka. Mai tsaurin bakin nan kuwa ta sauko daga sikeli a hankali, ta zauna a kan buhu, ta kasa duban kowa. Ina jin kofin nan ta tuna.

Yarinyar tana tsaye a tsakiyar fili, hannuwanta biyu a kan cikinta kamar mai kare shi daga ruwan sama. Ba ta dubi koci ba, ba ta dubi nas da ta taho da gudu tana ce masa ya yi shiru ba. Ni ta duba. Sannan ta cire katin wuyanta ta ajiye a kan sikelin, ta ɗauki jakarta ta fita.

Na bi ta har bakin titi. Na ce, “Tsaya ki ji.”

Ta ce, “Mma, ke kaɗai kika sani.” Trotro ta tsaya, ta shiga.

Ba a yi sati ba jini ya ɓalle mata. Da hantsi wata maƙwabciyarsu ta gaya wa wata, labarin ya iso Zango kafin azahar. Aka kai ta asibiti, aka tsayar da shi, likita ya ce cikin yana nan amma da ƙyar, sai ta kwanta, ba aiki, ba tsayuwa mai tsawo, har Allah ya sauke ta. Na dafa tuwo da miyar ayoyo, irin wadda take so tun tana ƙarama, na kai Buokrom. Uwar mijin ta tare ni a zaure. Ba ta ɗaga murya ba.

“Hajiya, na roƙe ki a kan tabarmata.”

“Na ga tana tsalle da igiya, leɓɓanta fari.”

“Wata nawa tana tsallen, jini bai zo ba? Sai da aka faɗa a lasifika, aka tafa, maza suka yi fito.” Ta dubi kwanon da ke hannuna. “Ki koma da shi. Ba don ƙiyayya ba. Malam ya ce a rage masu shiga.”

Na koma da shi. A cikin trotro kwanon yana ƙona mini cinya, ban sauke ba.

Watannin nan ban san yadda na yi su ba. Ina tsintar gyaɗa, bencin gefena babu kowa. Nas ta zo har gida ta durƙusa tana kuka, na ce ta tashi, kukanta ba zai riƙe ciki ba. An canza kocin, an daina hawa sikelin buhuna, murhun gas ɗin wani tebur ya ci, ban ma tuna wanne ba. Miƙar safe dai ana nan ana yi. Amma matan Zango sun daina shiga ɗakin nas, ko awon jini sai an kira sunan mace sau uku, alhali na san akwai masu irin ciwon kaina a cikinsu. Yaran teburina kuma suka daina bin sahu a rumfa. Kowacce sai ta ce za ta yi tata daga baya, don kada in san wadda ta yi da wadda ba ta yi ba.

A Zango magana ta kasu. Wasu suka ce tsallen ne, da ban yi magana ba da tuni ya zube. Wasu suka ce bakina ne, tsohuwa da ita ba ta san abin da ake rufewa ba. Ni ban san wanne ba ne, kuma babu likita ko malamin da zai iya rantse mini. Abin da na sani, da za a mayar da ni bayan siton nan in sake ganin ta dafe da bango, ɗakin nas zan sake nufa. Na faɗa wa duk wadda ta tambaye ni, shi ya sa aka daina tambayata.

Cikin bai kai lokacinsa ba. Ta haifi bakwaini, mace, aka sa ta a kwalba a asibiti. Aka ce ba ta fi tafin hannu biyu ba, aka ce ba ta kuka, sai daga baya aka ce ta fara kama nono. Duk a bakin mutane nake ji. Da aka sallame su aka sa ranar suna, aka raba goro gida-gida kamar yadda ake yi. Ya shiga gidanmu, ɗakin da ke dama da ni an ba su, na hagu an ba su. Ni da ya kamata in zauna a mazaunin uwarta in karɓi barka, nawa bai zo ba. Ranar na tafi aiki. Mai tsaurin bakin ta je, ta dawo ta zauna kusa da ni, ta ce a hankali, “Mma, tana da gashi.” Ta tura mini rabin goronta a kan tebur, na bar shi nan har aka tashi, sannan na ƙulle shi a bakin zane.

Sai bayan shekara ta zagayo na gan su. Ana biki a layinmu, dangin mijinta ne ke aurar da 'ya, ina zaune a ƙofar gida da la'asar. Ta taho cikin mata, ta rame, da goyo a baya, ta lulluɓe shi da mayafi tun daga kai. Ta gan ni. Ta bar matan ta zo ta durƙusa har ƙasa, yadda uwarta ta koya mata.

“Mma, ina wuni.”

“Lafiya lau. Ya gida? Ya Innarku?”

“Tana gaishe ki.”

“Ya jikin naki?”

“Alhamdu lillahi. Ya hawan jinin?”

“Ina shan magani.”

Duk gaisuwar nan fuskarta tana wajena, bayanta yana wajen titi. Ba ta kwance goyon ba, ba ta ɗaga mayafin ba, ni kuma ban ce miƙo ta ba. Da ta miƙe za ta tafi sai ta ɗan ja da baya tukuna, kamar mai fita daga gaban sarki, sannan ta juya da sauri. A juyawar nan mayafin ya zame ta gefe, ƙafa ɗaya ta leƙo. Ƙafa ce mai ƙiba, da ɗan zare baƙi a idon sawu, dunduniyar ta yi datti, alamar mai ita ta fara taka ƙasa. Tana dukan ƙugun uwar da ita, tana dukan ta, irin na yaron da ya gaji da goyo yana so a sauke shi.

Tubarkalla ta zo mini har kan harshe. Na rufe bakina, na faɗe ta a ciki, na bi ƙafar nan da ido har suka shige gidan bikin.